Ga 'Yata, Mai Riƙon Makullin Rumbun Jini

 

Mahaifiyarki ta kira ni shekaranjiya bayan sallar isha'i tana ta murna, wai jami'a ta ba ki takardar kama aiki. Na ce madalla, a wane sashe? Sai ta ɗan yi jim, ta ce ita dai abin da ta fahimta shi ne za ki riƙa koya wa likitoci yadda ake bincike, sannan an damƙa miki makullin wani ɗaki da ake tara jinin mutane a cikin firiza. Can sai ta sassauta murya ta ce, "Yaya, anya wannan aikin likita ne kuwa?" Na yi dariya, na ce ta kwantar da hankalinta. To amma kada ki raina tambayar nan tata. Mace ce da duk haihuwar da ta yi sai ta tabbatar ungozoma ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, kuma ban taɓa ganin ta bar gashin da ta taje ko farcen da ta yanke a tsakar gida ba. Irinta ne mutanen da za ki riƙa roƙo su bar miki wani yanki na jikinsu ki ajiye har shekara ashirin.

Bari in fara da koyarwar, tunda a aji za ki fi yawan wuni.

Akwai wani tarko a harshenmu wanda littattafan da kika karanta ba su san da zamansa ba. Idan likita ya ce wa tsohuwa, "Iya, sai mun yi bincike," abin da take ji shi ne za a ɗebi jininta a kai ɗakin gwaji a gano abin da ke damunta, a ba ta magani. Washegari kuma sai ga wani mai farar riga ya zo da takarda shafi shida, shi ma ya ce bincike zai yi, shi ma jini zai ɗiba. Kalma ɗaya, riga ɗaya, allura ɗaya. Ta ina Iya za ta gane cewa na farko don lafiyarta ya zo, na biyu kuwa don amsar wata tambaya da wataƙila jikokinta ne za su amfana da ita? Haka "gwaji" ma: da awon fitsari da jarraba sabon magani a jikin mutum, duk gwaji muke cewa. Na shekara fiye da talatin a wannan fage, kuma yawancin yardar da na ga an dangwala wa yatsa a kan wannan ruɗani aka same ta, ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba.

Saboda haka ga abin da na riƙa yi da ɗalibaina a ƙarshen aikina, da ma tun farko na fara. Nakan sa ɗaya ya zauna a matsayin kakar yaro, ɗaya kuma ya yi mata bayanin binciken da Hausa tsantsa, duk wanda ya jefa Turanci ya sake daga farko. Za ki sha dariya, kuma za ki sha mamaki. Likitan da ya ci jarrabawar ƙwarewa da yabo sai ki ga ya tsaya cik a kan yadda zai ce ba shi ne zai zaɓi maganin da za a ba yaron ba. Alhali kalmar tana nan a bakin kowa: ƙuri'a. Duk wanda ya taɓa halartar rabon gado ko rabon naman watanda ya san ana jefa ƙuri'a ne don kada son zuciyar mai rabo ya shiga. Ka ce wa Iya, "Magani biyu ne, mu kanmu ba mu san wanda ya fi ba, ƙuri'a ce za ta raba," nan take ta gane, wani lokaci ma ta yi maka tambayar da ba ka shirya mata ba. Bayan bayani kuma kada su tambaye ta, "Kin gane?" Babu tsohuwar da za ta ce wa likita ba ta gane ba. Su ce ta maimaita musu yadda za ta faɗa wa mijinta in ta koma gida.

Ki kuma koya musu jin bambancin "to" da "to". Akwai "to" ta yarda, akwai "to" ta kunya, wadda ake bi da "duk yadda ka ce, likita." Wannan ta biyun ba izini ba ce, ko da an dangwala yatsu goma a gaban shaida. Idan mace ta ce sai ta shawarci maigida, a bar ta ta je, kada a yi mata wayo. Sai dai izinin maigida, kamar na mai unguwa ko na liman, ƙofa kawai yake buɗewa. In ya yarda ita ba ta yarda ba, ba a taɓa jijiyarta. Kuma jumla ɗaya ce nake so kowane ɗalibinki ya haddace har ya riƙa faɗinta cikin barci: in kin ƙi, babu abin da zai ragu daga maganinki. Kwas ɗin ƙa'idojin gwajin magani da ake yi a intanet, wanda kowa ke latsawa ya karɓi takardar sheda kafin la'asar, ba ya koyar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ki sa su yi shi don masu ba da tallafi na nema, amma kada ki ɗauka an yi karatu.

Kina 'yar ƙarama lokacin da abin da ya sa muke wannan taka-tsantsan ya faru. A 1996 sanƙarau ya ɓarke a Arewa, ya kashe dubban mutane, galibinsu yara. Ana tsaka da wannan kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana a Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su ceftriaxone wanda aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an yi wa iyaye bayani da baki. Iyaye kuwa suka ce su ba su san gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. A 2000 jaridar Washington Post ta fito da labarin ga duniya, daga baya kuma aka gano takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna bayan an gama aikin aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ni ba alƙali ba ne, ba zan yanke hukunci a kan abin da ya kashe kowane yaro ba. Abin da idona ya gani shi ne abin da ya biyo baya. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, har zuwa tsakiyar 2004, sunan Trovan na cikin hujjojin da mutane ke kawowa a majalisa da bakin masallaci. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, kuma yaran da suka gurgunce a wannan tsakanin ba su taɓa jin sunan kwamitin ɗa'a ba.

Yau akwai dokoki. Kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya ya fitar da kundinsa a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta zo a 2014, dokar kare bayanan mutane kuma a 2023, ga NAFDAC da ke ba da izinin gwajin magani. A waje akwai Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda aka sake gyarawa a 2024, da ƙanwarta ta Taipei ta 2016 da ta keɓanta da rumbunan samfuri da na bayanan lafiya. Ki san su kamar yunwar cikinki, don ranar da wani babba zai matsa miki, su ne bangon da za ki jingina.

Yanzu ga ɗakin da ya tayar wa mahaifiyarki hankali. Ni rumbu nake ce masa, don ban ga abin da ya fi kama da shi ba: ana zuba abu a kaka saboda wata bazara da ba a san yadda za ta zo ba, kuma ɓarnarsa a ɓoye take faruwa, sai ranar buɗewa ake gani. Jini da ruwansa da tsokar da aka yanko suna son sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Ƙwayoyin halitta masu rai kuwa sai tulun ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ke kaiwa 196 ƙasa da sifiri. Duk lokacin da samfuri ya narke ya sake daskarewa, wani abu ya lalace a cikinsa, shi ya sa ake rarraba shi ƙananan kwalabe tun ranar farko, don in an zo ɗaukar ɗaya kada a tashi sauran.

Zan ba ki labarin da ban cika bayarwa ba. A wani wuri da na yi aiki, mun shekara huɗu muna tara jinin mata masu juna biyu daga ƙauyuka uku. Aka tafi hutun Babbar Sallah, aka ɗauke wuta, man janareta ya ƙare daren arfa. Ƙararrawar firizar ta yi ta kuka kwana uku a baranda babu kowa. Maigadi ya ji, amma ba wanda ya taɓa gaya masa ma'anar kukan, kuma ba a bar masa lambar kowa ba. Laifin nawa ne, ni ne shugaba. Kuɗin da aka yi asara bai dame ni ba kamar komawa ƙauyukan. Abokan aikina sun ce ba dole ba ne, wa zai sani? Na dai je. Na zauna a zauren mai gari na faɗi abin da ya faru. Wani dattijo da matarsa da surukarsa duk sun ba da jini ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Malam, ai da ka san ba ka da wurin ajiya, da ka bar musu abinsu a jikinsu." Har yau ban sami amsarsa ba.

Kada ki ɗauka wannan ciwon masu ƙarancin wuta ne kaɗai. A 2012 firiza ta lalace a rumbun ƙwaƙwalwa na asibitin McLean da ke ƙarƙashin Harvard, ƙwaƙwalen mamata kusan 150 suka narke, alhali allon jikinta na nuna komai lafiya. A Disambar 2023, lokacin hutun Kirsimeti, naitirojin ya yanke wa tuluna a Cibiyar Karolinska ta Siwidin, samfuran shekaru masu yawa suka salwanta. Kin ga duk inda aka je, hutu da dogaro da allo su ne ɓarayin. Ki sa ma'aunin zafi na biyu wanda bai haɗa waya da firizar ba. Ki bar firiza ɗaya babu komai cikinta, a kunne, tana jiran ranar tsiya, ko da mai binciken kuɗi zai ce almubazzaranci ne. Abin da ba shi da madadi ki raba shi gini biyu. Kuma ki yi abota da mai kula da janareta fiye da yadda za ki yi da shugaban tsangaya. Batun lakabi ba sai na daɗe a kai ba: rubutun alƙalami yana gogewa a ƙanƙara, kwalbar da ba a san ta wane ne ba kuwa shara ce mai cin wuta. Lamba ake sa wa kwalba, littafin da ya haɗa lamba da suna kuma yana wani wuri dabam, a hannun mutum biyu ko uku da kika san sunayensu.

Sai dai duk wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne wa za a buɗe wa, kuma don me.

Akwai wata ƙaramar ƙabila a Amurka, Havasupai, da ke zaune can cikin kwazazzabon Grand Canyon. Ciwon suga ya addabe su, sai a farkon shekarun 1990 suka ba masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona jininsu don a duba musu dalili. Daga baya suka ji an yi amfani da jinin wajen nazarin taɓin hankali, da auren zumunci, da asalin inda kakanninsu suka fito, aka kuma buga abin da ya saɓa wa tarihin da suka gada. Suka kai ƙara. A 2010 jami'ar ta biya dala 700,000 ta kuma mayar musu da ragowar jinin, suka zo da kansu suka ɗauka. Ki kwatanta da mu. A ce an karɓi jinin wata zuri'a don binciken sikila, sai wani ya duba ƙwayoyin gadonsu ya buga cewa asalin da suke taƙama da shi ba haka yake ba, ko kuwa wane ba ɗan wane ba ne. Ba a rubuta suna ba, na'am, amma in ƙauyen gida arba'in ne, wa bai san wa ba? Labarin Henrietta Lacks kuwa kin san shi, wadda aka ɗebi ƙwayoyin sankarar bakin mahaifarta a asibitin Johns Hopkins a 1951 ba da saninta ba, aka yi ta ciniki da su a duniya, 'ya'yanta ba su ji ba sai bayan shekara ashirin da wani abu.

Yanzu an fi amfani da abin da ake kira yarda mai faɗi, wato mutum ya amince a ajiye samfurinsa don binciken da za a yi nan gaba wanda ba a san shi ba tukuna. Ban ƙi ta ba. Ba don ita ba da rumbun Birtaniya, da ya tara mutum 500,000 tsakanin 2006 da 2010, bai yi amfanin da ya yi ba. Amma ki lura da abin da take nufi: Iya ta ce, ban san abin da za a tambaya ba, na wakilta ku ku duba mini. Wannan wakilcin shi ne kwamitin da za ki zauna a ciki. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bambanta mai ajiya da mai kaya, da mai kula da waƙafi da wanda ya mallaka. Shi ya sa nake ƙin jin farfesa na cewa "samfurana". Kuma ki yi ƙoƙari kujerar wakilin al'umma a kwamitin ta zama ta mutumin da zai iya cewa a'a, ba wanda aka ɗauko don a cika hoto ba.

Baƙi za su zo, kuma ki karɓe su hannu bibbiyu. Kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan nazarce-nazarcen ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali a Afirka bambancin gado ya fi yawa, don haka duniya na buƙatar abin da ke rumbunki, mu ma muna buƙatar na'urorinsu da iliminsu. Abin da ba za ki yarda da shi ba shi ne kwalba ta fita babu yarjejeniyar miƙa samfuri a rubuce: me za a yi da ita, wa zai taɓa, ina ragowar za ta, wa zai sa suna a sakamakon, wane ɗalibi namu zai bi ta ya koyo. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma in akwatin ya hau jirgi kin gama magana. A 2007 Indonesiya ta daina ba da samfuran murar tsuntsaye, ta ce ba za ta ba da ƙwayar cuta kyauta a yi rigakafin da ya fi ƙarfin aljihunta ba. An zage ta sosai, amma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin raba amfani. Shirin H3Africa kuma da ya zo, sai ya kafa rumbunansa a nan nahiyar, ɗaya a Abuja, ɗaya a Makerere ta Uganda, ɗaya a Afirka ta Kudu. Ki je na Abuja ki zauna mako guda ki ga yadda suke rubuta komai.

Game da ci gabanki, ba zan ɓoye miki ba: kwamitin ƙarin girma takardun da kika buga yake ƙirgawa. Daren da kika kwana kina kwashe kwalabe daga firiza zuwa firiza babu gurbinsa a fom. Na ga masu kirki da yawa sun tsufa a matakin babban malami saboda sun zama jakin kowa, kowane kwamiti su, kowace bita su. Dabarar ita ce ki mai da aikin da kike yi abin bincikenki. Wace fassarar takardar yarda ce mutane suka fi fahimta? Me matan karkara ke cewa a kan kai jininsu waje? Narkewa nawa samfuri ke jurewa a zafinmu? Waɗannan tambayoyi ne na gaske, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki koyi lissafin ƙididdiga da kanki, kada ki zama mai kai wa wani alƙaluma ya dawo miki da abin da ba za ki iya karewa ba. Ki nemi tallafin TETFund ko da kaɗan ne, don ki saba riƙe kuɗin bincike da sunanki. Maganar jerin sunaye a takarda kuma a yi ta ranar farko, ana raha, kafin a sami abin faɗa a kai.

Wata rana malaminki, wanda ya sa miki hannu a digiri, zai aiko yaro da 'yar takarda yana son kwalabe hamsin kafin Juma'a, izini zai biyo baya. Ranar ce jarrabawarki. Kada ki aika amsa, ki tashi ki je ofishinsa, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce, "Ranka ya daɗe, ga fom ɗin na kawo, ni zan cike, ni zan bi shi." Zai ji haushi, ya huce. Haka in buƙatar taki ce ta zo gaban kwamiti, ki tashi ki fita kafin a ce ki fita.

In kin gaji, ki tuna Kanon da aka yi Trovan ita ce Kanon da likitocin yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt, suka shafe shekaru suna gwada hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, har aka gano ƙaramin awo bai gaza matsakaici ba wajen kariya. Iyaye ne suka riƙa kawo 'ya'yansu da ƙafarsu, wata bayan wata, a garin da aka ce ba za a sake yarda da mai bincike ba.

Sallah ta kusa. Kafin ki tafi hutu ki kashe wutar ɗakin da gangan da rana tsaka, ki tsaya ki ga wayar wa za ta yi ƙara, da minti nawa zai ɗauka kafin ya iso. Sannan in mahaifiyarki ta zo ganin jikoki, ki kai ta ɗakin. Ki ba ta safar hannu mai kauri, ki buɗe mata firiza ɗaya ta ga hayaƙin sanyi, ki nuna mata babu sunan kowa a jikin kwalba, ki bar ta ta yi duk tambayar da take so. Ki rubuto mini abin da ta ce.

Ki gaida maigidan naki, ki shafa mini kan yara.

Baffanki.